Takardar da Mai Agogo Ya Karanta Mini

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Sabon littafi na saya saboda wannan tafiya. Tsohuwa, matata, ta ce, "Malam, ganin jika za ka ko jarrabawa?" Na ce duka biyun.

Bari in rubuta tun daga tushe, don wata rana yarinyar ta karanta da kanta. Auta, ƙaramar 'yata, ta haihu. Shekara tara da aure, sai bana Allah ya kawo. Mace ce. Suna can ƙasar da mijinta yake aiki, inda aka ce kullum da la'asar sai ruwan sama ya sauka kamar an ɗauke shi aiki. Shi ya sa nake kiranta Damina. Iyayenta su kira ta abin da suka ga dama.

Ni kaɗai ba za a bar ni in hau jirgi ba, wai shekara saba'in da uku. Babban ɗana, wanda kowa ke ce wa Injiniya har ni ma na bi sahu, aiki ya riƙe shi. Tsohuwa kuwa gwiwa ta hana ta ko matakalar gidan nan. Ana haka sai wani kamfanin yawon buɗe ido ya shirya wa dattawa tafiyar kwana goma zuwa ƙasar, mutum ashirin da huɗu, da jagora. Za a ga daji, da ruwan da ke zubowa daga kan dutse, da gonakin kayan ƙamshi, da teku. Duk wannan ƙari ne a wurina. A rana ta shida motar ƙungiya za ta tsaya a garin su Auta, kowa ya yi abin da yake so daga ƙarfe biyu zuwa shida.

Awa huɗu. Zan ɗauki Damina a hannuna.

Saura kwana ashirin da ɗaya.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An yi taron farko a ofishin kamfanin, hawa na biyu, ɗaki mai kujerun roba da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta mata. Jagorarmu mace ce, sa'ar Injiniya, da usur rataye a wuya. Ta ce dokarta ɗaya ce, kowa da abokin tafiyarsa. Ɗakin kwana ɗaya, kujera kusa da kujera. Duk inda ta busa usur, a daji ne ko a kasuwa, kowa ya kama hannun abokinsa su ɗaga sama ta gani. In an rasa mutum ɗaya, mota ba ta tashi. Ta ba kowa kati ya sa a aljihu, da sunansa da lambar wayar abokinsa.

Ni ba sai an tambaya ba, aminina Mai Agogo ne nawa.

Ya ce, "Kafinta, in ka yi mini minshari zan kai ƙararka wajen mai usur."

Na ce, "Kai da ka wuni shekara hamsin agogo arba'in suna kuka a kanka, minsharina ne zai dame ka?"

A makarantar yamma ta manya muka haɗu, ina da shekara arba'in da ɗaya. Benci ɗaya, gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashin teburin yara. Abin da ya kai ni makarantar, na taɓa dangwala yatsa a takardar da aka ce mini ta gyaran rufi ce, na wayi gari shagon da mahaifina ya bar mini ya zama na wani. Tun ranar da muka iya haɗa baƙi muka yi wa juna alkawari, babu wanda zai sa hannu a takarda sai ɗayan ya karanta masa ita da ƙarfi, daga sama har ƙasa, har ƙananan rubutun da ake ɓoyewa a gindi. Shekara talatin da biyu ke nan. Takardar haya, ta asibiti, ta makarantar yarana. Shi Allah bai ba shi haihuwa ba, amma babu takardar Auta da bai karanta ba.

Yau ma haka muka yi. Kowa ya gama cike takardarsa, mu muna layi na huɗu. Jagora ta ce, "Baba, za a rufe ofis fa." Mai Agogo ya ce, "'Yata, mu a makare muka zo karatu, ko ɗigo ba ma bari."

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An yi mana allurar rigakafi, an ba mu kati ruwan ɗorawa da aka ce in babu shi ba shiga ƙasar. Mai Agogo ya rufe ido kamar yaro. Na gaya wa ma'aikaciyar ta ƙara masa ɗaya.

Daga can na bi kasuwa na sayi rigar ruwa shuɗiya mai hula, da takalmi mai kama ƙasa, da man sauro. Jagora ta ce jaka kada ta wuce kilo goma sha biyar. Na sa rigar na zagaya falo. Tsohuwa ta yi dariya har da riƙe gwiwa, ta ce na yi kama da buhun siminti da aka rufe da leda.

Auta ta kira. Damina ta yi hamma. Wallahi bakinta irin nawa ne, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Atisayen tafiya. Kowace Laraba da Asabar za mu zagaya filin ƙwallo sau shida, don a can akwai tafiyar awa biyu cikin daji, da wata gada ta igiya. Jagora ta busa usur sau uku ba zato, duka ukun hannunmu ne ya riga na kowa tashi. Wani tsohon direba ya ce mu biyun nan mun fi ango da amarya riƙon hannu.

Ban yi haki ba. A rubuta wannan. Ban yi haki ba ko kaɗan.

Saura kwana goma sha shida.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na dawo gida a makare. Ba komai. Rana ce ta yi zafi.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe tara na safe

An sake wa shagunan shataletale fenti, shi ke nan fa. Mai sayar da magani ya mayar da nasa kore, na kusa da shi ma kore. Mutum ya fito daga atisaye, rana a ka, ya tarar an canza masa launin gari ba a faɗa masa ba. Kowa ma zai tsaya ya duba.

Na ɗan zauna a bencin wani mai faci. Mutumin kirki, ya ba ni ruwa. Shi ya ga katin Jagora a aljihuna ya buga waya, ni ban sa shi ba. Mai Agogo ya zo ya raka ni. Ya ce ya same ni ƙarfe uku. Ba zai yiwu ba, atisaye ƙarfe goma aka tashi. Amma ba na musu da mai agogo a kan lokaci.

A hanya na ce, "Wannan tsakanina da kai." Ya ci gaba da tafiya. Na ce, "Ka ji ni?" Ya ce ya ji.

Yau da sassafe ya leƙo, ya fara wata magana a kan ko in je in ga likita kafin tafiya. Na tare shi. Na ce in ya sake ɗago mini ita, ya nemi wani abokin ɗakin.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na sayi rigar ruwa yau, shuɗiya mai hula. An ce can ba a fita babu ita.

Saura kwana goma.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Tsohuwa ta shigo da riguna biyu a hannu, ta tsaya kawai tana kallona. Na ce ɗaya ta Mai Agogo ce. Ta ce, "To." Ta ninke su. Na fi son faɗanta da wannan "to" ɗin.

Injiniya ya zo ba ranar zuwansa ba. Ya zauna a hannun kujera yana yi mini hira mai daɗi irin wadda ake yi wa mara lafiya. "Baba, yau ma wace rana ce? Na rikice." Injiniya da waya biyu a aljihu, ni zai tambaya rana. Na faɗa masa. "Baba, me kuka ci da safe?" Na ce in yunwa yake ji ya shiga kicin, uwarsa na nan.

Ya shiga. Sun daɗe. Famfo suka kunna don kada in ji, sun manta ni na gyara ƙofar kicin ɗin, na san ba ta rufuwa daidai. Na ji "shataletale." Na ji "mai faci."

Mutum biyu ne suka san maganar mai faci, kuma ni ban faɗa ba.

Wataƙila shi mai facin ne ya san Injiniya. Gari ƙarami ne.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Tabarauna ya ɓata tun jiya. Mun birkice gidan. Yanzu da tsohon nake rubutu, wanda ke nuna mini manyan baƙaƙe kawai, shi ya sa rubutun ya yi girma.

Mai Agogo ya kawo takardu uku daga ofis, ya ce Jagora na son su yau. Muka zauna a baranda yadda muka saba, ya riƙe ya karanta. Ta farko ta abincin da mutum ba ya ci. Ta biyu ta wanda za a kira in wani abu ya faru. Ta uku ya ce ta inshora ce, ya karanta ta layi layi, wai in mutum ya zame a daji kamfani zai kai shi asibiti. Muryarsa ta dushe, na ce ko mura ce. Ya ce allurar nan ce ba ta sake shi ba.

Na sa hannu uku. Hannuna bai yi rawa ba, ya fito da kyau har na nuna masa. Bai tsaya shan shayi ba.

Na ji kunyar zargin da na yi masa ranar Asabar. Allah ya yafe mini.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ban je atisaye ba, Tsohuwa ta ce an ɗage. Na yi amfani da ranar na haɗa jaka. Na ɗora ta a sikelin mai shago, kilo goma sha uku da rabi. Sauran kilo ɗaya da rabi na Damina ne: rigar saƙa, takalman yadi ƙanana kamar kunnen kyanwa, da ɗan cokalin katako da na sassaƙa na goge shi har ya yi santsi.

Na kira Auta na ce, "Ki gaya wa Damina ta shirya, tsohon mijinta na tafe, kuma ba ya son raini." A da takan yi dariya. Yau sai ta ce, "Baba," ta ce layi ba kyau, ta juya fuskar wayar zuwa silin.

Jego ne. Uwarta ma haka ta yi ta kuka ba dalili.

Saura kwana biyar!

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba ƙari.

Yau ake raba huluna da tikiti. Tsohuwa ta ce in zauna Injiniya zai karɓo mini. Na ce ƙafata ƙalau. Na isa ofis ba tare da kuskuren ko kwana ɗaya ba, a rubuta wannan ma.

Jagora tana kiran suna bibbiyu, ana miƙa hula ruwan ɗorawa. Ta kira Mai Agogo. Na miƙe. Sai ta kira tsohon direba. Na ci gaba da tsayuwa, ina jira ta ce ta yi kuskure. Mai Agogo ya karɓi hularsa, idonsa a ƙasa.

Ta ja ni ƙaramin ofishinta ta rufe ƙofa. "Baba, ai na ɗauka kun sani. Kun janye."

Na ce wa ya janye?

Ta ce ɗana ya zo tun ranar Asabar yana so a cire sunana, ta ƙi. A ƙa'idarsu sunan da ya shiga ba ya fita sai mai shi ya sa hannu da kansa. Ranar Litinin sai ga takarda. Ta ciro ta daga fayil ta miƙo mini, ta ara mini tabaraunta.

Layi biyar ne kacal. Ni, wane, na janye daga wannan tafiya bisa raɗin kaina saboda dalilin lafiya. Babu inshora. Babu daji, babu zamewa, babu asibiti. A ƙasa ga sa hannuna, mai kyau, wanda na nuna wa Mai Agogo.

Ya fi minti biyu yana karanta mini layi biyar. Daga ina ya samo sauran?

Na ce mata ba abin da aka karanta mini ke nan ba. Ta rufe bakinta da hannu. Ta ce an riga an ba wata mata kujerar, an tura sunaye, ko za a mayar da ni sai da takardar likita, kuma sai wani ya yarda ya zama abokina. Ta ce ta tambayi mutum biyu tun jiya, ko da zan canza ra'ayi. Ba ta faɗi abin da suka ce ba.

Ashe duk ɗakin sun sani. Har direba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ban ci abinci ba. Tsohuwa ta kawo, ta ɗauke.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je shagon Mai Agogo. Yana zaune da gilashin nan a ido ɗaya, ya buɗe cikin wani agogo, amma hannunsa ba ya komai.

Ban yi sallama ba. Shekara talatin da biyu, yau na fara.

Na ce, "Ka karanta mini abin da babu a takarda."

Ya cire gilashin. Ya ce, "Na karanta."

Da ya musa ma da na sami abin riƙewa.

Na ce, "Wanda ya cinye mini shago bai taɓa zama benci ɗaya da ni ba. Kai ka san abin da ya kai ni makarantar nan. A gabanka na faɗa ina kuka."

Ya ce, "Kafinta, zauna."

Na ƙi.

Ya ce, "Ranar Laraba da na zo wajen mai faci, na tsaya a gabanka. Ka ɗago ka dube ni ka ce, bawan Allah, ko ka san hanyar unguwarmu? Ni fa. Ni ka ce wa bawan Allah. Sai da muka kusa gida ka kira ni. A nan ne, inda na san kowane lungu. A can in aka busa usur na miƙa hannu ban ji naka ba, a dajin da ban san gabas ba, me zan je in ce wa Auta?"

Ban faɗi haka ba. Ban tuna na faɗi haka ba.

Na ce, "Da ka faɗa mini a fuska."

Ya ce, "Na gwada, ka ce in nemi wani abokin ɗakin."

Na ce, "Da ka ɗaure hannunka da nawa da igiya. Da ka goya ni. Da ka tsaya a gaban Jagora ka ce ba za ka je da ni ba, in ji da kunnena, mu yi faɗa irin na maza. Komai ka yi da na haɗiye, ban da wannan. Yanzu wa zai karanta mini?"

Agogunan duka suka buga sha ɗaya, kowane da nasa lokacin. Muka tsaya har suka gama. Na fita.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Injiniya ya zo ya durƙusa. Rabonsa da durƙusa mini tun yana sakandare. Ya ce shi ya roƙi Mai Agogo, sau uku yana ƙi. Ya ce laifin nasa ne, in sauke a kansa. Ya ce baɗi Auta za ta kawo yarinyar, in an gama mata takardu.

Baɗi. Kowa ya iya faɗin baɗi.

In ta zo baɗi, aka miƙo mini ita, na tambaya 'yar wa ce fa? Wannan bai zo musu a rai ba? Ni ya zo mini. Kullum yana zuwa. Shi ya sa nake so bana.

Ban faɗa masa haka ba. Na ce ya tashi, wandonsa zai yi datti.

Auta ma ta sani tun Laraba. Silin ɗin da ta nuna mini ke nan.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na tambayi Tsohuwa kai tsaye ko ita ta ɓoye tabarau. Ta ce, "Malam, shekara arba'in da takwas ina zaune da kai. Na san maganar takarda, na yi shiru, wannan na ɗauka. Amma ban taɓa tabaraunka ba."

An jima na buɗe akwatin kayan aiki zan ɗauki guduma, ga shi nan kwance a kan zarto, a naɗe cikin tsumma yadda nake naɗe abu mai daraja. Irin naɗina ne. Amma ai ta sha ganin yadda nake naɗi.

Ban san wanda zan zarga ba, sai na zargi kowa.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Mai Agogo ya aiko a tambaya ko akwai saƙon da zai kai wa Auta. Na ce babu. Tsohuwa ta fita da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi, tana jan ƙafa a matakalar da ta ce ba ta iya sauka. Na yi kamar ban gani ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Sun tafi.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Bisa takardar shirin tafiya, yau suna gadar igiya. Ban so na sani ba, amma na haddace ta tun farkon wata, ita kuma ta ƙi fita. Abin da nake so ya zauna shi ke fita.

Injiniya ya kai ni wajen likita. Ta ba ni kalmomi uku ta ce in riƙe, muka yi wata hira, ta ce in maimaita. Na kawo biyu. Ta ce ba laifi, za a sake gani. Da aka kawo takarda in sa hannu, na sa tabarau na karanta ta ni kaɗai, sau biyu, da yatsa. Na juya zan miƙa wa na gefena ya duba mini. Bango ne a wurin.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe goma na safe

Jakar na nan a bayan ƙofa. Na ce kada wanda ya kwance ta.

Gobe rana ta shida.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na yi niyyar in kashe wayar tun safe. Na sa ta a caji.

Ƙarfe biyu da rabi ta yi ƙara. Auta ce. Ta ce, "Baba, kun yi baƙo a gidana, ko in ce na yi." Ta juya wayar.

Mai Agogo ne zaune a bakin kujerarta da hular nan ruwan ɗorawa, kafaɗarsa a jiƙe, ruwa na dukan taga a bayansa. Sauran suna kasuwa da bakin teku, shi ya nemi mota ya zo nan. Ga Damina a hannunsa. A hannunsa. Na rantse a raina ba zan ce masa uffan ba, zan kalli yarinyar kawai in yi kamar kujera ce ke riƙe da ita.

To mutumin bai taɓa ɗaukar jariri ba. Ya riƙe ta nesa da ƙirji kamar agogon bango da aka kawo gyara. Ta motsa, kanta ya tafi baya.

Na ce, "Kai! Tallafe mata kai! Tafinka a ƙeya, ba a wuya ba. Jawo ta jikinka, ba za ta fashe ba."

Ya yi yadda na ce. Tsohuwa a bayana tana jan hanci.

Na ce, "Matso da ita."

Ya matso da ita har fuskarta ta cika wayar. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni kamar na tashe ta daga wani muhimmin aiki. Na ce, "Damina, ni ne. An hana ni zuwa, amma ni ne." Ta yi atishawa. Na yi dariya, sai dariyar ta koma wani abu, na kasa tsayar da shi.

Mun fi awa uku a haka. Ta yi barci, ta farka, ta sha, ta sake komawa hannunsa. Bai ce mini yi haƙuri ba, ni ma ban ce na haƙura ba, don ban haƙura ba. Da lokacin motarsu ya yi ya fara neman miƙa ta, na ce ya dakata.

Na ce, "Nauyinta fa?"

Ya ce, "Kamar burodi biyu masu ɗumi."

Na ce, "Shinshina kanta ka faɗa mini."

Ya sunkuya, ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Madara. Da sabulu. Da wani abu kamar katakon da aka yanka yanzu."

Ban sani ba ko na ƙarshen ya ƙara ne don ni. Mutumin ya iya ƙari, na gani. Ba ni da yadda zan duba.

Na rubuta yadda ya faɗa.